Neman shawara: yadda zan yi wa samfurin tankar T-55 ɓarnar yaƙi a filin dagar Fada 1987

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen manyanmu. Ina haɗa ɗan ƙaramin samfurin filin daga ne a kan katako, na yaƙin Chadi da Libiya, wanda ake ce wa Yaƙin Toyota, ranar da aka kama garin Fada a farkon 1987. Abin da ke hannuna tankar roba ce T-55A ta kamfanin Tamiya, kit ne da ake harhaɗawa, sikeli 1/35 wato an rage girman komai sau 35, da wani abokina ya taho min da ita, sai a-kori-kura guda ɗaya da nake so ta zama ta sojojin Chadi. Yadda na tsara a kaina, tankar Libiya an riga an buge ta tana yashe a gefen hanya, ita kuma motar ta tsaya kusa da ita. Katakon da zan ɗora su a kai bai wuce faɗin takardar A3 ba.

Toh inda na tsaya shi ne ɓarnar. Na haɗa gangar jikin amma ban manne tayoyi da kan da ke ɗauke da igwa ba tukuna, fenti ma ban taɓa ba. Duk hotunan da nake gani a Facebook kowa da irin nasa, wani ya huhhuda tankar ta ko'ina, wani ya mayar da ita baƙa ƙirin, wani kuma ja wur da tsatsa, ni na rasa wanne ne daidai. Na gwada ƙusa mai zafi a jikin ragowar robar nan da kayan ke zuwa a maƙale, ramin ya fito amma bakinsa ya kumbura ya yi zobe, ba wanda zai gani ya ce ƙarfe ne.

Rami nawa ya kamata in yi, kuma a ina, kuma wane girma? Sannan ƙunar fa, ya ake fitar da ita? Ba ni da bindigar fesa fenti, buroshi ne kawai da fentin gwangwani da 'yan kalolin akirilik na masu zane. Na gode.

Injiniya_Sabo ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Da farko ajiye ƙusar nan, kar ka sake kai wuta kusa da tankar, kit ɗin Tamiya ba araha gare shi ba yanzu.

Kafin ka huda komai ka fara amsa wa kanka tambaya uku, me ya bugi tankar, daga wane ɓangare, kuma yaushe. In ka amsa waɗannan sauran aikin duk zai biyo da kansa. Masu huhhuda ta ko'ina ɗin nan ba su tsaya sun yi wannan tambayar ba ne, tanka ai ba rariya ba ce. T-55 tan 36 ce, farantin gabanta kaurin milimita 100 ne kuma a kishingiɗe yake, gefe 80, gaban kan ya kai wajen 200. Harsashin bindiga ko da babba ne irin mai milimita 12.7 ba abin da yake mata in banda ya ɗaye fenti ya bar ɗan tabo mai ƙyalli.

A Fada babban abin da ya kashe tankokin Libiya shi ne MILAN, makami mai linzami da Faransa ta ba Chadi, ana ɗora shi a bayan mota, wayar da yake ja a bayansa ita ke kai masa umarni har ya isa, kuma yana cin mita 2000. Shi ba nauyinsa ne ke fasa sulke ba. A cikin kansa akwai mazurari na jan ƙarfe da abin fashewa a bayansa, in ya tashi sai ya matse jan ƙarfen ya zama siririn tsinke mai gudun kilomita da yawa a daƙiƙa ɗaya, shi ne ke ratsa ƙarfen ya shiga ciki. Saboda haka ramin da yake bari ƙarami ne ƙwarai, 'yan santimita kaɗan ne. Ɗauki santimita 3 ka raba da 35, ko milimita 1 bai cika ba. Ka ga kenan abin huda na hannu mai bakin 0.8 ko 1 ya ishe ka, rami ɗaya, in ka matsa biyu. Na san za ka ji kamar ya yi kaɗan, kowa haka yake ji, amma gsky haka abin yake, ɓarnar a ciki take faruwa ba a waje ba.

Abin da zai sa ido ya kai kan ramin shi ne kewayensa. Bayan ka huda sai ka ɗauki tsinin wuƙa ka yi 'yan ƙananan karce masu fita daga ramin zuwa ko'ina, gajeru da dogaye, kar su zama daidai da juna, faɗinsu duka kar ya wuce rabin santimita zuwa ɗaya. Ɗan foti kaɗan a bakin ramin ka daddanna da tsohon buroshi don ya yi kaushi. Shi kenan. In a jikin kan ne kar ka lanƙwasa komai domin zubin ƙarfe ne mai kauri, ba ya lotsewa ba ya yagewa.

Inda ake samun yagewa da lotsewa shi ne kayan da ke rataye a jikinta, fenda, akwatunan kaya na hagu, tankunan mai na saman fendar dama, duro biyu na lita 200 a baya, fitilar nan babba da ke gefen igwa. Waɗannan falle ne na ƙarfe mara kauri. Matsalar kit kuwa robar fendar ta kai kusan milimita 1, wato santimita 3 da rabi kenan a zahiri, shi ya sa in ka lanƙwasa ta da zafi take fitowa wani iri. Hanya biyu ce. Ko ka kankare robar ta ciki da sanfefa ko ƙaramin injin gurza har sai ka ɗaga ta sama ka ga haske na ratsawa, sannan ka huda da allura ka yaga da wuƙa, ko kuma ka yanke ɓangaren gaba ɗaya ka kwafe shi da gwangwanin lemo. Ni na fi son gwangwani, ka yanka ka goge fentin jikinsa da sanfefa ka manne da sufa gulu, in ka matse shi da filaya yana lotsewa irin ta ƙarfen gaske don shi ma ƙarfen ne. Kuma ka kula da inda ƙarfin fashewar ya tura abu, in daga dama aka buge ta komai na wurin ya karkata nesa da ramin, ba wannan ya kalli gabas wancan ya kalli yamma ba.

A ina za ka sa ramin? Ni dai gefe zan ce, ko gefen kan ko saman tayoyi. A T-55 direba na hagu ne, daman shi kuwa tankin mai ne da harsasan igwa a jere, tana ɗaukar 43 gaba ɗaya. In ka sa ramin a gefen dama ta gaba ka samu dalilin gobara ba sai ka yi wa kowa bayani ba.

Abba_Njamena ya rubuta:

Salam. Malam Injiniya ya gama magana a kan rami, ni ta wajen tarihi zan ɗan sa baki tunda abin ya shafi ƙasarmu, kuma wlh na ji daɗi da na ga wani ya zaɓi wannan yaƙin, kowa sai Jamus da Rasha kamar nan ba a taɓa yin komai ba.

Fada ranar 2 ga Janairu 1987 aka kama ta, Hassan Djamous ne ya jagoranci sojojin shugaban Chadi na lokacin Hissene Habre. Alƙaluman da aka saba kawowa su ne an lalata T-55 guda 92 da motocin sulke masu ɗaukar sojoji BMP-1 guda 33, an kama wasu lafiya lau, Chadi kuma ta rasa Toyota 3 kacal. Daga nan sai Bir Kora a watan Maris, sai babban sansanin Wadi Dum ranar 22 ga Maris inda aka kama kwamandan Libiya Khalifa Haftar, sai harin Maaten al-Sarra cikin Libiya kanta a watan Satumba, bayansa da 'yan kwanaki aka tsagaita wuta. Maganar zirin Aouzou kuma, yankin kan iyaka da ake rigima a kansa, sai 1994 kotun duniya ta ba Chadi.

Dabararsu ita ce gudu. Motoci su ɓullo ta gefe biyu lokaci guda a guje, mai igwa kafin ya juyo da kan tankar ya saita wannan, wancan ya riga ya harba. Shi ya sa maganar Injiniya ta rami a gefe ta yi daidai da yadda aka yi yaƙin. Amma ɗan'uwa ka lura da abu ɗaya, motar da ke kan katakonka ba ita ce ke harbi a lokacin ba. A3 a sikelinka bai kai mita 15 ba a tsawo, mita 2000 kuwa in za ka kwatanta sai ka nemi katako mai mita 57 hhh. Don haka hotonka na bayan an gama ne, an zo dubawa. Kar ka sa mai MILAN yana saiti alhali tankar na gaban hancinsa.

Sai maganar yaushe, nan ne mutane ke ruɗewa. Har yau gawarwakin tankokin nan suna nan a hamada a yankin Ennedi da hanyar Wadi Dum, masu yawon buɗe ido suna ɗaukarsu hoto, kuma yawancin hotunan da za ka samu a intanet irin waɗannan ne. Waɗancan sun shekara kusan 40 iska da rairayi na gurzarsu, sun yi duhu, yashi ya binne sarƙarsu, an kwance duk abin da zai kwantu. In ka kwaikwayi wannan kalar sannan ka ajiye sojan 1987 a gefe ka haɗa zamani biyu a katako ɗaya. Ranar da aka yi yaƙin abin da za a gani shi ne baƙin hayaƙi da toka da fentin da ya ƙone, kayan mutanen ciki a warwatse, sawun sarƙa sabo a bayanta har inda ta tsaya.

Kuma ba dole sai ta ƙone ba fa. Da yawa barinsu aka yi aka gudu, ƙofofi a buɗe ba ko ƙwarzane. In kana jin tsoron ɓata kit ɗinka wannan ma labari ne na gaskiya.

Mai_Walda77 ya rubuta:

Hhhh katako mai mita 57, sai dai ya ari filin ƙwallon unguwarsu. Ni shawarata gajera ce, kafin ka taɓa fenti ka je garejin da ake ajiye motocin da suka yi hatsari ka nemi wadda ta ƙone ka tsaya ka ƙare mata kallo, ka ɗauki hoto in mai wurin ya yarda. Abin da za ka gani a minti goma ya fi bidiyo ashirin.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Yallabai Injiniya wlh da niyyata rami biyar ne manya a gaban kan, Allah ya taimake ni na tambaya. Malam Abba na gode da tarihin, ni dai ƙonanniya nake so don ita ce ta ja ni ga aikin tun farko, a ce kamar washegari da safe ne, wuta ta mutu amma ba a taɓa komai ba. Toh ya zan yi da kalar? Kuma in fille kan in ajiye a ƙasa ko in bar shi? Na ga wasu suna sa auduga a matsayin hayaƙi da ɗan kwan fitila a ciki, yana da kyau ko in rabu da shi?

Hajiya_Zane ta rubuta:

Ɗana bari in amsa maka ta wajen kala tunda ita ce sana'ata, ni ma buroshi da soso nake aiki da su ba ni da wata bindigar fenti.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka inda wuta ta fi ci nan ne ya fi baƙi. Ba haka ba ne. Inda zafi ya yi tsanani shi kansa baƙin hayaƙin ƙonewa yake, sai ya bar ƙarfe tsirara, toka-toka mai haske da ɗan ja-ja a ciki. Baƙin yana zama ne a kewaye, inda hayaƙi ya bi ya lafe. Bayan baƙin sai fentin da ya daɗe da zafi ya yi duhu ya kumbura ya fara ɓarewa, bayan shi kuma sai fenti lafiyayye. Hawa huɗu kenan daga tsakiya zuwa waje, kuma ba a zagaye suke kamar an sa kamfas ba, wuta sama take yi kuma iska na kaɗa ta. Ka zaɓi inda iskarka ke kaɗawa tun yanzu ka rubuta a ƙarƙashin katakon don kar ka manta, duk baƙin da zai fito daga ƙofofin sama da ragar injin ya karkata can, har wanda ya zuba a ƙasa. In ka bar gaba ko bayan tankar da ainihin fentinta mai kalar yashi sai ƙunar ta fi fitowa, tanka baƙa daga kai har ƙafa ido ba ya samun abin kamawa.

Yadda nake bi. Fentin gwangwani a fara da shi, ruwan ƙasa mai duhu, amma daga nesa kuma sama-sama sau biyu ko uku, domin tinar da ke cikin irin na mota tana cin roba in ka zuba da yawa. A bar shi ya bushe sosai, kwana biyu ba asara ba ne. Sai ka yagi ɗan soso ka riƙe da hantsaki, ka dangwala a akirilik ka goge kusan duka a takarda, ka riƙa daddannawa a wurin ƙunar, ruwan ƙasa, toka-toka, ɗan ruwan lemo kaɗan, kowanne a kan ɗan'uwansa ba tare da ya rufe shi ba. In ya yi maka sai ka fesa banish mara ƙyalli ka kulle shi. Daga nan feshin gashi na mata, hawa biyu marasa kauri, ya sha iska, sai ka shafa kalar yashi a kai da buroshi mai laushi, shafa ɗaya kar ka yi ta komawa don ruwan fentin zai narkar da feshin tun kafin lokaci. Da ya bushe ka jiƙa tsohon buroshin haƙori da ruwa ka riƙa gogawa daga tsakiyar ƙunar zuwa waje, za ka ga fentin sama na ɓarewa da kansa yana barin baki mai tsaga-tsaga wanda hannu ba zai iya zanawa ba. In ba ka samu feshin ba gishiri ma na yi, ka jiƙa wurin ka barbaɗa ka fesa fenti a kai sannan ka kakkaɓe, sai dai shi da fesawa yake tafiya ba da buroshi ba.

Baƙin hayaƙi kuma kar ka yi shi da fenti. Allin zane mai laushi baƙi ka gurza a sanfefa ya zama gari ka shafa da busasshen buroshi, ko gawayi da aka niƙa lilis. Ka haɗa da ɗan ruwan ƙasa don baƙi zalla yana kashe duk wani zane da ke jikin ƙarfen. Bakin ramin da gefen ƙarfen da ya yage a goga musu fensir kaɗan su yi ƙyalli.

Tsatsa fa, tunda washegari ka ce, kaɗan. Ƙarfen da ya ƙone yana saurin yin ja amma danshi ke kawo shi, Fada kuwa a watan Janairu ina danshin yake. Ɗan ja-ja a inda ya fi ƙonewa ya wadatar, kuma kar ka ja layin tsatsa yana gangarowa, wannan aikin ruwan sama ne.

Auduga ni ba na so, a hoto tana kyau amma a ido auduga ce dai, kuma ƙura take tarawa lokacin hunturu. Tunda wutarka ta mutu ma ba ka da bukatarta.

Injiniya_Sabo ya rubuta:

Hajiya ta gama da kala, ba abin da zan ƙara sai dai in ce ni ina ɗan ƙara ja fiye da yadda ta faɗa don in aka tsaya nesa kaɗan toka-toka da kalar yashi suna haɗewa su zama abu ɗaya. Wannan ra'ayi ne, kowa da idonsa.

Amma akwai abin da fenti ba zai yi maka ba, dole wuƙa ta yi. Duk abin da wuta ke ci a jikin tankar ya kamata ya tafi a ɓangaren da ya ƙone. Tayoyin T-55 biyar ne kowane gefe, kowacce tagwaye, kuma bakinsu roba ce. In wuta ta kai wurin robar ƙonewa take ƙurmus ta bar wilin ƙarfe da tarin farar toka a kan sarƙa da ƙasa. Tunda ba ka manne su ba ka ci sa'a, ka soka kowacce a bakin injin huda ka juya ta a kan sanfefa har robar ta tafi, ba duka ba, waɗanda ke kusa da wutar kawai, ɗaya ma ka bar ta rabi da rabi. Tokar kuma garin farin alli da ɗan toka-toka, ka tara ka ɗiga masa gam mai ruwa-ruwa. Haka rigar tamfol da ke wuyan igwa, da gungumen icen da ake ɗaure mata a baya, da gilashin fitilu, duk a duba su.

Na biyu zama. Zafi yana kashe sandunan sifirin ɗin da ke ɗauke da tankar, sai ta zauna ƙasa, wani lokaci ta karkata ɓangaren da ya fi ƙonewa. Ka yanke 'yan ƙusoshin robar da ke riƙe hannuwan tayoyin a mazauninsu ka ɗaga su sama kaɗan kafin ka manne, milimita 2 ko 3 ma ido zai gani. Wannan ɗan abin shi ke bambanta tankar da ta mutu da wadda aka shafa wa baƙi kawai. Sarƙar kuma ka tuna T-55 ba ta da ƙananan tayoyin sama masu riƙe ta, a kan manyan take kwanciya, ta Tamiya kuwa roba ce guda mai son miƙewa, sai ka ɗaure ta da siririn zare a jikin tayoyin ta inda ba a gani.

Maganar fille kai, yana faruwa in harsasan ciki suka tashi gaba ɗaya, amma ban ba ka shawara ba da wannan kit ɗin. Cikinsa fayau yake ba komai, in ka cire kan sai mutum ya leƙa ya ga roba. Masu son haka kit ɗin kamfanin MiniArt suke saya, akwai nasu mai kayan ciki har inji, amma yawan 'yan gutsattsarinsa sai mai haƙuri. Kai ka ɗan ɗaga kan ta gefe ɗaya ya goce daga mazauninsa kaɗan, igwar ta sunkuya, ƙofofin sama a buɗe, ka shafe ciki da baƙi mara ƙyalli. Ya isa.

Abba_Njamena ya rubuta:

Kar a manta da motar da ƙasar. Ita motar kusan kar ka yi mata komai na harbi, ita ce ta ci yaƙin ai. In kana so rami biyu uku a ƙofa ko bodin baya, harsashi mai milimita 7.62 a sikelinka milimita 0.2 ne, tsinin allura kenan bayan ka kankare robar ta ciki, inda ya shiga ya lotsa ciki inda ya fita ya buɗe waje. Abin da ya fi dacewa da ita shi ne wahala, ƙura, lotsewar bodi, da kaya har sun yi mata yawa, duron mai da na ruwa, barguna, tabarma, buta, tukunyar shayi, akwatunan harsashi. Mayaƙan kuma rawani suke naɗawa har fuska, kaki wani da shi wani babu. Ka kuma duba ƙirar motarka, yawancin kit ɗin a-kori-kura da ke kasuwa na motocin baya-bayan nan ne, na 1987 kuwa Land Cruiser ce tsohuwar ƙira da farkon ƙirar da ake kira 70 wadda ta fito 1984, sai Hilux ta lokacin. Wanda ya san mota zai gane daga fitilun gaba.

Ƙasar Fada ba tudun rairayi zalla ba ce irin na kalanda, duwatsun Ennedi ne ja-ja masu tsayi da yashi da tsakuwa a ƙasansu.

Hajiya_Zane ta rubuta:

Eh kuma yashin gini kar ya kusanci katakon nan, ƙwaya mai milimita 1 dutse ne mai santimita 3 da rabi a wajensu. Ka debi ƙurar da ke taruwa a gefen titi ko jar ƙasa ka tankaɗe da tsohuwar safa ta mata, mai laushin ita ce yashinka, ragowar ita ce tsakuwa. In farin soson cikin kwalin talabijin za ka sa a ƙasa ka rufe shi da garin POP da farin gam na kafintoci tukuna, don fentin gwangwani da sufa gulu duk cinye shi suke. Ka danna tankar a ciki tun yana da danshi, ka sa leda a tsakani, ta nutse kaɗan kar ta zauna a sama kamar an ajiye ta da hannu.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Na rubuta duka a littafi. Rami ɗaya a dama ta gaba, fendar wurin da tankin mai ɗaya zan sauya da gwangwani, tayoyi uku na gaba su rasa robarsu, baya ya zauna da fentinsa, ba auduga. Motar na duba ƙirar sabuwa ce kam Malam Abba, zan ga ko zan iya gyara gaban ko in juya ta yadda kaya za su rufe. Hajiya feshin gashin wane iri, ko kowanne ma ya yi?

Hajiya_Zane ta rubuta:

Mafi arha a shagon, mai riƙe gashi ba mai sa shi ƙyalli ba, don wancan mai ne a ciki fenti ba zai kama ba. Ka gwada a kan cokalin roba tukuna, kuma ka buɗe taga.